Daga Ina Karan Dawa Ya Ke Fitowa?

Ka taɓa tsayawa bakin gona da kaka, ka dubi karan dawa ya fi ka tsawo, sa'an nan ka tuna ƙwaya ce 'yar mitsitsiya aka jefa cikin rami aka take da diddige? Watanni biyar da suka wuce, irin gonar nan duka bai fi cikin ƙwarya ba. Yanzu kuwa ga dami bisa dami an kai rumbu, ga kara jibge. To, duk wannan kaya daga ina ya fito? In ka tambayi mutum goma, tara za su ce maka daga ƙasa. Amma ga shi kowace shekara a kan kwashe kayan nan a kai gida, gonar kuwa ba ta lotsa ba, ba ta zama rami ba.

Wannan tambaya ta dami wani likita mai suna Van Helmont, a ƙasar da yanzu a ke kira Beljiyam. Sai ya busar da ƙasa sarai, ya auna laba 200, ya zuba cikin tukunya, ya dasa wani ɗan icen bakin rafi mai nauyin laba 5. Ya rufe bakin tukunya don kada ƙura ta shiga, ba ya ba shi kome sai ruwa. Da shekara biyar ta cika ya tumɓuke icen ya auna, ya tarar ya kai laba 169. Ya sake busar da ƙasar ya auna, sai ya ga abin da ta ragu bai wuce oza 2 ba. An buga labarin nan a 1648, bayan rasuwarsa. Shi dai cewa ya yi ruwa ne ya rikiɗe ya zama ice. Ya yi gaskiya rabi, ya yi kuskure rabi, gama akwai wani abin da icen ya ci wanda bai auna ba, watau iska.

Kai ma kana iya rarrabe abin da ke cikin kara ba tare da ma'auni ba. Yanko ɗanye ka shanya, za ka ga ya yi sakayau. Abin da ya fita ruwa ne. Sa'an nan ka ƙona busasshen a hankali, ka rufe shi da ƙasa kamar yadda masu gawayi ke yi wa ice, sai ya bar maka baƙin gawayi. In ka hura gawayin ya cinye, abin da za ka samu 'yar toka ce, ba ta cika tafin hannu ba. Watau ruwa, da gawayi, da toka. Kowannensu da hanyar da ya biyo ya shiga jikin kara, kowanne kuma da hanyar komawarsa.

Bari mu fara da gawayi. Masana suna kiran ainihinsa kabon, kusan rabin nauyin busasshen tsiro kuwa shi ne. Ba ta saiwa ya ke shiga ba. Yana nan cikin iskar da ke kewaye da kai, a haɗe da wata iska, ba ya ganuwa, ba shi da wari. Bari mu kira ta iskar gawayi. Kaɗan ce ƙwarai: in da a ce a na auna iska da mudu, cikin mudu 10,000 ba za ka sami fiye da mudu 4 da 'yan kai nata ba. A jikin kowane ganye akwai 'yan ƙofofi birjik waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, ta nan ta ke shiga. In rana ta haska ganye, sai koren nan nasa ya kama ƙarfin hasken, ya haɗa iskar gawayi da ruwan da saiwa ta aiko, ya yi sukari. Iskar da ta rage, wadda a ke kira oksijin, ya sake ta, ita ce mu ke shaƙa mu rayu. Kada ka yi mamakin jin an ce ganye na yin sukari. In ka sha takanɗa ko rake, zaƙin nan da ka ji aikin ganye ne. Da sukarin nan tsiro ke gina kara, da saiwa, da zangarniya.

Ka ci tuwo, jikinka ya ƙona shi a hankali ba harshen wuta, ka sami ƙarfin riƙe fartanya, gawayin da ke ciki ya fita ta numfashinka ya koma iska. Haka akuya, haka gara, haka wutar murhu. Wataƙila numfashin da ka fitar wajen huɗa, shi ganyen dawarka ya kama kafin azahar. Ashe ke nan mafi yawan nauyin damin nan ba gonar ce ta biya ba. Shi ya sa ba ta lotsa ba.

Amma 'yar tokar nan, da ka ga kamar ba kome ba ce, a nan maganar ta ke. Ita ce oza biyun nan da ƙasar Van Helmont ta rasa. Wannan kam daga ƙasa ta fito, ba ta da wata hanya. Cikinta akwai fotash, abin da ke sa ruwan toka ya yi kaifi har mata su sa a miya ko su dafa sabulu da shi. Akwai kuma fosfaras, wanda a ke gina ƙashi da haƙori da shi, shi ne kuwa ƙasarmu ta jigawa ta fi ƙarancinsa. Asalinsu duwatsu ne da suka rududduge a hankali cikin dubban shekaru. Ba su tashi sama su dawo kamar gawayi. In an kwashe su cikin hatsi an kai kasuwa, sun tafi ke nan, sai fa in wani ya ɗauko ya mayar. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yi shekaru da yawa a na tara buhunan gyaɗa kamar duwatsu a na kai su ƙetaren teku. Cikin kowane buhu akwai ɗan rabon gonar da ta haife shi, bai kuwa dawo ba.

Akwai abu na huɗu wanda ba ka gan shi cikin tokar ba, domin ya bi hayaƙi ya gudu. Sunansa naitirojin. Shi ke sa ganye ya yi kore shar, in babu shi sai ka ga dawa ta yi rawaya ta tsumbure. Abin mamaki, cikin kashi 100 na iska, 78 shi ne, amma dawa da gero ba su iya cin ko ƙyas daga nan, kamar mai ƙishirwa a tsakiyar teku. Sai wanda ke cikin ƙasa su ke iya sha. A 1886 waɗansu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna yadda wake da danginsa su ke samun nasu. Tumɓuke gyaɗa ko wake ka dubi saiwar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Ba cuta ba ce. Gidaje ne na waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, su ne ke kamo naitirojin daga iskar da ke tsakanin ƙasa su ba tsiro, shi kuwa ya ciyar da su da sukari. Fasa guda da farce: in ka ga cikinsa ja-ja, suna bakin aiki. Kakanninmu ba su san sunan halittun nan ba, amma sun san gero ya fi kyau inda aka yi wake bara.

Sai dai ka lura da abu guda, don mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Yawancin abin da wake ya tara yana cikin 'ya'yansa da harawarsa. In ka roro wake ka sayar, ka ɗaure harawa ita ma ka kai kasuwa, abin da ka bar wa gonar kaɗan ne.

To, yaya abin da ya fita ke komawa? Ta hanyar ruɓa. Ganye ya faɗi, gara ta ja shi cikin ƙasa, buzuzu ya binne kashin shanu, tana ta haɗiye ƙasa ta fitar, ƙananan halittun da ba a gani su ƙarasa sauran. Cikin cokali guda na ƙasa mai kyau sun fi mutanen babban birni yawa. Suna ci suna numfasar da gawayi sama, suna sakin naitirojin da fotash da fosfaras inda saiwa za ta same su. Abin da ba su cinye da wuri ba shi ke zama baƙin nan mai laushi da ka ke gani a tsohon juji, wanda za mu iya kira maiƙon ƙasa. Shi ke riƙe ruwa kamar soso, shi ke kama abincin tsiro kada ya tsiyaye. A ƙasa mai zafi irin tamu ba ya daɗewa, sai a na ƙara masa kowace shekara. In ya ƙare, ƙasa ta yi fari, ta zama rairayi zalla, ƙuduji ya mamaye dawa, sai ka ji an ce gona ta gaji.

Ka ga ke nan abin da ke faruwa in an tara kara da ciyawa wajen sharar gona an cinna wuta. Toka ta rage, gaskiya ne, shuka kuwa ta kan yi kyau a gurbin. Amma naitirojin ya tafi, abin da zai zama maiƙon ƙasa ya tafi, tokar ma in iska ta taso kafin ruwa ya sauka sai ta yi gaba da ita.

Ruwa kuwa shi ne jakin da ke ɗaukar kayan nan duka. Saiwa ba ta da haƙori, ba ta cin kome sai abin da ya narke. Amma jakin nan ba shi da ubangida. In an yi ruwa mai yawa a jigawa, ya kan nutse da naitirojin ƙasa can inda saiwar gero ba ta kai ba. In kuwa ya sami gona tsirara, ya kan kwashe ƙasar sama ya gangara da ita, ja wur. Bi shi ka ga inda ya sauke: fadama. Baƙar ƙasar da a ke noman rake da shinkafa da albasa a kanta, rabonta mai yawa daga tudu ya zo. Wanda ya zarce ya shiga kududdufi ko tafki, shi ke sa ruwa ya yi kore, ƙananan ƙwari su ci koren, kifi ya ci ƙwarin.

Iska ma tana kawo nata. Hazon hunturu da ke cika maka hanci, yawancinsa daga wani kwari ya ke tasowa a arewacin Chadi, a na kiransa Bodele, inda a zamanin da can ruwan Tafkin Chadi ya ke kwance. Ƙurar nan tana ɗauke da fotash da waɗansu gishirin ƙasa, tana sauka a gonaki ba wanda ya biya ko anini. Wata ma har ƙetare teku ta ke yi ta sauka a kurmin Amazon, a Amurka ta Kudu. Amma kyauta ce ƙarama, ba ta isa ta riƙe gona ita kaɗai ba.

A da, in gona ta gaji, sai a bar ta saura shekaru, a sari sabuwa. Inda mutane suka yi yawa ba halin wannan. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna noma gona guda kowace shekara ba hutu, ga kuwa yadda su ke yi. Su kan shuka wake tsakanin gero da dawa. Harawa da karmami a kai wa awaki da tumaki a turke. Kashinsu da fitsarinsu, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, a tara wuri guda. Da rani a loda wa jaki a mangala, a kai gona a zuba tsibi-tsibi, har daga cikin birni a kan ɗauko. Wani kuma ya yi shiri da Fulani su zo da garke su kwana a gonarsa bayan girbi. Kada ka raina fitsarin, naitirojin da fotash da ke cikinsa suna da yawa, shi ya sa ya ke da kyau a shimfiɗa ciyawa ko ƙaiƙayi a turke ya shanye shi. Takin zamani na buhu yana mayar da naitirojin da fosfaras da fotash, amfaninsa kuwa ba ƙarami ba ne. Sai dai ba ya yin maiƙon ƙasa, a gonar da ta zama rairayi kuwa ruwa ya kan wanke rabonsa mai yawa.

Saura gawo. Shi ɗan'uwan wake ne, halinsa kuma dabam ya ke da na sauran itatuwa: da damina ya ke zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuwa na faɗuwa daidai lokacin da shuka ke bukata. Saiwarsa tana nutsewa can ƙasa, ta kamo abin da ruwa ya gudu da shi, ta mai da shi sama. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar taki a gindi. Tun wajen 1985 manoma a ƙasar Maraɗi da Damagaram suka shiga barin tohon itatuwa a gona maimakon sarewa, har yanzu a na ƙirga itatuwan da miliyoyi, gawo kuwa na cikin waɗanda suka fi yawa.

In akwai gawo a gonarku, ga abin da za ka gwada bana. Kafin girbi ka auna taki goma tsawo, taki goma faɗi a ƙarƙashinsa, ka kafa tsinke a kusurwoyi huɗu. Ka auna wani wurin daidai da shi can nesa da icen. Ka yanke geron kowanne dabam, ka sussuka dabam, sa'an nan ka kawo mudu.