Koyil ɗin Tesla ya ƙi kunna ƙwai: ina matsalar take?

Wani ɗalibin sakandare daga Auyo ya rubuto cewa ya haɗa ƙaramin koyil irin na Nikola Tesla, wanda ya ƙirƙiro shi a 1891, amma ƙwan fitila ya ƙi kamawa. Yana tambaya ko ya jona shi da wutar KEDCO don ya samu ƙarfi.

Ɗana, kul! Wutar gida kisa take yi, haka ma taransifoma ta tsohuwar talabijin. Batir mai volt 9 ya ishe ka, da tiransista 2N2222, da rizista 22k, da guntun fayif na roba. Siririyar wayar koyil kuwa, masu naɗin fanka da injin ban ruwa a Haɗeja za su sayar maka da ragowa da araha.

Fara duba bakin wayar. Tana da fenti mai ƙyalli da ke hana wuta wucewa, ido kuma ba ya saurin gane shi. Sa reza ka kankare har jan ƙarfen ya fito fes, sannan ka haɗa.

Idan ka yi haka bai tashi ba, juya kan wayoyin ƙaramin naɗin, wato mai zagaye uku ko huɗu da ke gindin fayif: na dama ya koma hagu. A nan mafi yawan yara ke faɗuwa. Babban naɗin, mai zagaye kamar 300, shi ke sanar da tiransista lokacin buɗewa da rufewa ta ƙafarta ta tsakiya, kuma idan naɗin biyu suka saɓa, saƙon zai iso a juye, komai ya yi tsit. Shi babban naɗin ya kwanta layi ɗaya, kada wata waya ta hau wata.

Sai laima. Ku mutanen fadama kun san yadda damina ke jiƙa komai, fayif mai danshi kuma zubar da wuta yake yi. Shanya shi, ka shafa masa banish. Da hunturu aikin ya fi kyau.

In ya tashi, matso da ƙwan nan mai murɗaɗɗen gilashi kusa da kan koyil, zai yi haske ba tare da waya ba. Kada ya fashe, akwai sinadarin makuri a ciki. Nisanta wayar salula daga wurin, kuma da zarar tiransista ta ɗau zafi ka cire batir ta huce.