Nazari A Kan Naɗe-Ganye, Ƙwaron Shayi Na Tsaunukan Siri Lanka

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a gwada ko Hausa za ta iya ɗaukar bayanin kimiyya. Misalin da muka zaɓa shi ne wani ɗan ƙwaro da masana ke kira Homona coffearia. Dangin malam-buɗe-littafi ne, amma da dare yake tashi. Mun raɗa masa suna naɗe-ganye, bisa tsarin harɗaɗɗun sunaye irin su faɗi-tashi, domin aikinsa ke nan.

Rayuwarsa

Faɗin fukafukansa bai wuce santimita 3 ba. Macen takan zuba ƙwai a jere bisa ganye. Idan tsutsa ta ƙyanƙyashe, sai ta fitar da zare irin na gizo-gizo, ta naɗe ganye ko ta haɗa biyu, ta shige ciki tana ci. Da yake toho ake tsinka a yi shayi, hasarar manomi takan yi yawa.

Tarihinsa

Nietner ne ya bayyana shi a 1861, a jikin itacen gahawa a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. Daga 1869 wata cuta ta shiga hallaka gahawar tsibirin, aka maye gurbinta da shayi a kan tsaunuka. Ƙwaron ya koma wa shayi, ya zame wa manoma annoba.

A 1935 zuwa 1936 aka kawo wani ƙaramin zanzaro daga tsibirin Jawa, mai suna Macrocentrus homonae. Shi yakan saka ƙwansa cikin tsutsar, 'ya'yansa su cinye ta daga ciki. Cikin 'yan shekaru ɓarnar ta lafa. Amma da aka shiga fesa maganin dieldrin domin kashe wani ƙwaro mai huda reshen shayi, sai maganin ya haɗa da zanzaron, naɗe-ganye ya sake yaɗuwa. Garin neman gira aka rasa ido.

Kammalawa

Darasi biyu ke nan. Na farko, feshi ba ya bambanta maƙiyi da mataimaki, saboda haka wajibi ne a san ƙwarin gona kafin a fesa. Na biyu, manomi ba zai san wannan ba sai an bayyana masa da harshensa, kuma ba a bayani sai da suna. Samar da sunayen nan aikinmu ne, mu ɗaliban Hausa.