Ranar sakin gonaki

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure damma, an kai rumbu. Da maraice sai ku hangi ƙura can arewa da gari. Garken shanu ne da tumaki da raƙuma suke gangarowa. Amma ba za su shiga gonaki ba tukuna. Sai sun jira wata rana wadda hukuma take sawa. Ita ce ake kira ranar sakin gonaki. Yau za mu ga wanda yake sa wannan rana, da abin da ya sa maganarta take da nauyi.

Tafiyar makiyaya

Da damana ta faɗi, makiyaya sukan kora bisashensu arewa, inda ciyawa take da yawa kuma babu gonaki. Waɗansu har Ingal suke kaiwa, cikin jihar Agadas, don bisashe su lashi gishiri. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma a ƙasarmu. Arewa da wannan iyaka ƙasar kiwo ce.

In ruwa ya ɗauke, tabkunan arewa sukan ƙafe. Dole makiyayi ya juyo kudu. Yakan bi burtali, wato hanyar bisashe da ta ratsa tsakanin gonaki, har ya kai mashaya.

A zamanin kakanninmu, manomi murna yake yi da zuwan garke. Bisashe su ci kara, su bar masa taki. Har yakan ba makiyayi damen hatsi don ya kwana cikin gonarsa. Matan rugga su kawo nono, su koma da hatsi. Kowa ya amfana.

Me ya kawo rigima?

Mutane sun ƙaru. A ƙidayar 1977, mutanen Nijar miliyan 5 ne da ƴan kai. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 17. Kowane magidanci yana son gona. Sai aka sare daji, aka nome makiyaya. A wurare da yawa gonaki suka ci burtali, har ya zama ƴar siririyar hanya wadda garke ba ya iya wucewa ba tare da ya taɓa shuka ba. Waɗansu mashayu kuma gonaki suka kewaye su.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe bisashe masu yawa, sun tura makiyaya kudu. Manoma su ma sun shiga kiwo. Yanzu manomi yakan kwashe kara da harawa ya ɗora bisa itace, don awakinsa ko don ya sayar. Abin da garke yake tararwa cikin gona ya ragu.

In hanya ta toshe kuma yunwa ta kama bisa, ɓarna ba ta da wuya. In an yi ɓarna, rai yakan ɓaci. A watan Oktoba na 1991, a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, faɗa tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100. Yawancinsu mata ne da yara. Ƙasa duka ta yi baƙin ciki. Bai kamata mu manta da wannan ba.

Su wa suke shawara?

An raba Nijar jiha-jiha, gwamna yana riƙe da kowace jiha. An raba jiha gunduma-gunduma, perfe yana riƙe da kowace gunduma. Cikin gunduma akwai ƙananan hukumomi, waɗanda ake kira komin. A 2004 aka yi zaɓen majalisun komin 265, kowace majalisa ta zaɓi magajin garinta. A 2024 gwamnati ta rushe majalisun, ta naɗa kantomomi a madadinsu. Ban da waɗannan, akwai sarakuna da masu gari da shugabannin rugga, waɗanda suka fi kowa sanin iyakokin gonaki.

A 1993 aka kafa kundin dokokin karkara. Shi ne ya kawo hukumomin kula da ƙasar noma da kiwo, waɗanda mutane suke kira Kofo. Akwai Kofo ta gari, maigari ne shugabanta. Akwai ta komin, akwai kuma ta gunduma wadda perfe yake shugabanta. Cikin Kofo ta gari ana sa wakilin manoma, da na makiyaya, da ta mata, da na samari.

Ga aikin Kofo. In an sayar da gona, ko an ba da aronta, ko an jinginar da ita, Kofo takan rubuta takarda don kada a yi gardama daga baya. Ita ce kuma take zagayawa da dattawa a gane inda burtali ya bi tun da. In an daidaita, sai a kafa ginshiƙan siminti dama da hagu. A waɗansu wurare akan dasa aguwa, don bisashe ba sa cin ta. Burtali na jama'a ne duka. Ba mai ikon nome shi ko sayar da shi.

Ginshiƙai da kuɗi ake yin su. Komin tana samun kuɗi daga lanho da kuɗin kasuwa, har da kasuwar bisashe. Ke nan manomi da makiyayi duka suna zubawa, duka kuma suna da bakin magana.

Yadda ake sa ranar

Dokar kiwo ta 2010 ta bayyana yadda ake yi. Gwamna ne yake sa hannu a kan takardar da ta faɗi ranar. Amma kafin ya sa hannu, sai an ji ra'ayin Kofo ta komin da ta gunduma, da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya.

Don haka akan kira taro bayan girbin hatsi. Manomi yakan tashi ya ce: "Ranka ya daɗe, hatsi ya shiga rumbu, amma dawa ba ta nuna ba, wake kuma yana gona. In an saki yanzu, wahalar damana ta tafi a banza." Makiyayi shi ma yakan tashi ya ce: "Allah ya ba ka nasara, tabkin da muke sha ya ƙafe. Shanu sun rame, maruƙa suna mutuwa. In an ƙara mana wata guda, me za su ci?"

Ku duba da kyau, yara. Cikin su biyun babu mai ƙarya. In an yi saurin saki, manomi ya yi hasara. In an yi jinkiri, makiyayi ya yi hasara. Shi ya sa ma'aikacin noma yakan faɗi abin da ya rage cikin gonaki, ma'aikacin kiwo kuma ya faɗi halin ciyawa da ruwa. Da wannan ake neman ranar da kowa zai iya ɗauka. Ranar takan faɗo cikin watannin sanyi, amma ba ɗaya ba ce kowace shekara, don damana ba ɗaya ba ce. Ba ɗaya ba ce kuma a ko'ina, don arewa takan riga kudu gama girbi.

In an sa ranar, sai a faɗa a rediyo, a yi shela ran kasuwa. Manomi ya yi ƙoƙari ya kwashe amfaninsa kafin ta zo. Makiyayi ya tsare garkensa cikin burtali da makiyaya har ta zo.

In an yi ɓarna fa?

Ba a ɗaukar sanda ko takobi. Mai gona ya tafi wurin maigari. Sai a tura mutane, da manoma da makiyaya, su je su ga ɓarnar da idonsu, su ƙiyasta ta. Mai bisa ya biya abin da aka yanke. In ba a shirya ba, a tafi wurin sarki. In can ma ba a shirya ba, sai a rubuta takarda a kai gaban alƙali. Haka nan wanda ya nome burtali, shi ma ya taka doka, kuma makiyayi yana da ikon kai ƙararsa.

Da yawa cikinku kuna kiwon awaki in an tashi daga makaranta. Waɗansu kuna tsaron gona. Yaron da ya yi barci ya bar awakinsa cikin waken mutane yana iya jawo wa gari duka fitina. Yaron da ya jefi saniyar baƙo da dutse shi ma haka. In kun ga ɓarna, ku ruga ku faɗa wa manya.

Ma'anar kalmomi

Burtali: hanyar bisashe tsakanin gonaki.
Mashaya: tabki ko rijiya inda bisashe suke shan ruwa.
Harawa: busasshen ganyen wake ko na gujiya.
Jingina: ba da gona a karɓi kuɗi, in an maida kuɗin a karɓi gonar.
Ƙiyasta: duba abu a faɗi yawansa ko kuɗinsa.

Tambayoyi

1. Don me makiyaya suke tafiya arewa da damana? Don me suke juyowa?
2. Faɗi abubuwa biyu da suka sa burtali ya ƙuntata.
3. Wa yake sa hannu a kan takardar sakin gonaki? Ra'ayin su wa ake ji tukuna?
4. Me manomi yake tsoro? Me makiyayi yake tsoro?
5. Shekara nawa ne tsakanin ƙidayar 1977 da ta 2012?

Aiki

Ku tambayi iyayenku ta inda burtalin garinku ya bi, da mashayar da yake kaiwa. Ku zana shi cikin littafinku. Ku tambayi maigari ranar da aka saki gonaki bara, ku kawo amsa gobe.