Mu Adana Zogale Don Bazara

A Safo da sauran garuruwan Gulbin Maraɗi, zogale yana yawa da damina. Kasuwa takan cika, kuɗinsa ya faɗi, wani ma ya ruɓe a kwando. Amma da bazara ganye yakan yi wuya. Ganyen zogale yana da bitamin A, mai kare yara daga dundumi. Saboda haka mu adana shi tun yana da araha.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu tsinko ganye da safe, mu fid da wanda ya yi rawaya.
2. Mu wanke shi da ruwa mai tsabta, mu tsane shi.
3. Mu baza shi kan tabarma a inuwa, inda iska ke shiga. Kada mu shanya shi a rana, domin rana tana lalata bitamin A.
4. Mu riƙa juya shi. Bayan kwana 3 ko 4, in ya marmashe a hannu, ya bushe.
5. Mu daka, mu tankaɗe, mu zuba cikin kwalba mai murfi, nesa da danshi.

Kowace rana mu sa cokali 1 a kunun yaron da ya wuce wata 6.

Tambaya: Don me ake shanya zogale a inuwa?