Buɗe Gem Huɗu a Laftof Ɗaya: Darasin da Na Koya Bayan Na Kusa Rasa Furojet Ɗina

Duk wanda ya kwana a hostal ya san waɗanda nake nufi: masu buɗe gem ɗaya sau uku ko huɗu a laftof, asusu ɗaya na yaƙi, sauran na tara masa kaya, kamar yadda ake yi a Lords Mobile da Rise of Kingdoms. Ni ma ina cikinsu. Na rubuta wannan ne saboda yawancinmu laftof ɗaya gare mu, ita ce ta gem, ita ce ta furojet, in ta mutu kuwa sai dai a yi ta salati.

A hutun watan Afrilu na je gida Gwandu da laftof ɗina ta hannu, wadda Baba ya saya mini da kuɗin shinkafar da ya noma. Core i5 ce mai RAM 8GB da tsohon hadis mai juyawa. Ranar da abin ya faru, da azahar, na ɗora ta a kan katifa, na buɗe gem huɗu, ga babi na uku na furojet ɗina a buɗe a Word. Fanka ta yi ta kuka kamar injin markaɗe, can sai allo ya yi baƙi. Da ta huce na kunna, fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Washegari na nufi Kalgo wurin ogan da na yi aikin koyon sana'a na wata huɗu a shagonsa. Ya taɓa ƙasanta ya ce, "Kai yaro, mi ka yi ma wagga na'ura?" Ya samo mini tsohon kwafi, amma aikin mako biyu ya tafi. Abin da zan faɗa a ƙasa, rabi daga bakinsa ne, rabi daga gwajin da na yi bayan nan.

Fara da lissafin RAM

Gem ɗin waya ba ya aiki a Windows kai tsaye. Sai ta cikin emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon wayar Android, irin su BlueStacks da LDPlayer. Duk kwafin da ka buɗe, waya guda ce cur ka ƙirƙira a cikin laftof, kuma kowacce tana son rabonta na RAM.

To mu yi lissafi. Windows da 'yan manhajojin da ke aiki a ɓoye sukan ci kusan 3GB. In kana da 8GB, saura 5GB. In ka ba kowane kwafi 2GB, biyu kawai za ka iya ɗauka. Ni huɗu na buɗe, wato 8GB, a haɗa da 3GB na Windows ya zama 11GB a wurin da 8GB kaɗai ke akwai. Rarar nan Windows kan zuba ta a hadis, shi kuwa hadis bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Daga nan ne komai ke fara sanƙarewa.

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Buɗe kwafi ɗaya ka ga nawa ya ci, sannan ka ƙara na biyu. In Memory ya haura kashi 85 cikin ɗari, tsaya nan. Ka rufe Chrome ma, domin kowane shafi da ka bari a buɗe yana cin nasa.

Kunna VT a BIOS

Wannan kyauta ne, kuma shi ne ya fi kawo bambanci. Furosesa tana da wata fasaha da ke ba ta damar tafiyar da emuleta kai tsaye. Intel na kiranta VT-x, a na'urorin AMD kuma za ka gan ta da sunan SVM ko AMD-V. Da yawa daga laftof ɗin da ake kawowa shagon Kalgo a kashe take zuwa. A shafin Performance ɗin nan, ƙarƙashin CPU, duba inda aka rubuta Virtualization. In ka ga Disabled, sake kunna laftof, ka shiga BIOS da F10 ko F2 gwargwadon irin taka, ka kunna shi, ka adana. Kada ka taɓa wani abin da ba ka sani ba a wurin.

Raba furosesa da adalci

Yawancin Core i5 na laftof da muke saya na hannu, daga ƙarni na bakwai zuwa ƙasa, ƙwaya biyu gare su masu layin aiki huɗu. Kuskuren da na yi shi ne ba kowane kwafi ƙwaya biyu a saitin emuleta, ina ganin hakan zai ƙara sauri. Ashe kokawa na haɗa su. Ba babban asusunka biyu, ƙananan kowanne ɗaya, ka bar wa Windows wurin numfashi.

Rage hoto, rage FPS

Allo mai 1920 da 1080 yana da ɗigon hoto 2,073,600. Mai 960 da 540 yana da 518,400, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Asusun da aikinsa tara katako da abinci, me zai yi da hoto mai kyau? Sauke shi ƙasa. Haka ma FPS, wato yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa ɗaya. Babban asusu 30 ya ishe shi a irin waɗannan gem ɗin, ƙananan kuwa 10 zuwa 15. BlueStacks na da Eco Mode a cikin Multi-instance Manager don wannan aikin, LDPlayer ma na da wurin rage FPS a saitin buɗe kwafi da yawa. Kashe sautin ƙananan gaba ɗaya. Bayan na yi wannan kaɗai, kukan fankata ya ragu sosai.

Zafi da ƙura

Mu nan Kebbi mun san abin da Maris da Afrilu ke nufi, zafi kan wuce digiri 40. Furosesa in ta kusa digiri 100 takan rage saurinta da kanta don kada ta ƙone, in abin ya ƙi sai ta kashe na'urar ɗungurungum. Abin da ya same ni ke nan. Katifa da filo suna toshe kafofin iska na ƙasa. Ɗora ta a tebur, ka ɗaga bayanta da murfin gora biyu ko littafi. Bayan hunturu kuma, kai ta a buɗe a share fanka. Da oga ya buɗe tawa, ƙurar da ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga take. Ya kuma canza man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, domin na ciki ya bushe ƙamas. Akwai manhaja kyauta mai suna HWMonitor da ke nuna zafin. In kana ganin 90 a kai a kai, rufe kwafi ɗaya.

Wani abu kuma: in an ɗauke wuta laftof ta koma batir, takan rage ƙarfi don batirin ya jima. Kada ka matsa mata a lokacin.

Intanet

Kwafi huɗu a hotspot ɗin waya ɗaya, layi ɗaya suke rabawa. In Windows ya fara sauke sabuntawa a ɓoye, gem zai riƙa yankewa, datarka kuma ta ƙare ba ka sani ba. Shiga saitin Wi-Fi ka kunna Metered connection. Haɗa wayar da kebul ya fi Wi-Fi tsayawa, ga caji a kan hanya.

In akwai ɗan kuɗi

Fara da SSD. Tsohon hadis kan karanta kusan 100MB a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa kusan 500MB. Sai RAM: in akwai gurbi na biyu a laftof ɗinka, ƙara 8GB ya zama 16GB. Sanda biyu masu kama da juna suna taimaka wa hoto ma, tunda ɓangaren hoto na irin laftof ɗinmu daga RAM yake aron wuri. Je da laftof ɗin wurin mai sayarwa a gwada a gabanka, saboda DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4.

Karanta dokar gem ɗin

Ba kowane gem ne ya yarda da wannan ba. PUBG Mobile yana gane emuleta, sai ya haɗa ka da masu emuleta 'yan uwanka. Call of Duty Mobile GameLoop kaɗai ya amince da shi. A watan Nuwamba 2020 kamfanin Blizzard ya hana amfani da manhajar da ke aika dannawa ɗaya zuwa kwafi da yawa a World of Warcraft. Masu tuna zamanin Hamster Kombat a 2024 kuwa sun san yadda aka rufe asusun waɗanda aka kama da maguɗi gab da rabon. Gyaran laftof ba zai dawo maka da asusun da aka rufe ba.

Yanzu kwafi biyu nake buɗewa, kuma ba na haɗa gem da Word a lokaci ɗaya. Duk daren da na taɓa furojet, sai na tura kwafi zuwa Google Drive da kuma filashi kafin in kwanta. Babi na ukun nan sai da na sake rubuta shi daga takardun da na yi zane a kai, sufabaiza kuma ya ƙara mini mako ɗaya bayan na sha faɗa. Har yau Baba bai san labarin ba, ina roƙon 'yan Gwandu da ke karanta mujallar nan su rufa mini asiri.

'Yan ajin ƙarshe, kafin ku buɗe gem yau da dare, ku fara tura furojet ɗinku wani wuri. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya sa mu gama lafiya.