Hoton CT a Waya: Me Ya Sa Yake Yin Fari ko Baƙi Idan Na Taɓa Shi?

TAMBAYA: Mahaifina ya faɗi daga kan babur, aka yi masa hoton kai na CT, aka ba mu faifai da takardar sakamako. Na kwafe abin da ke cikin faifan zuwa wayata, na buɗe da wata manhaja ta duba hotunan asibiti. Da na ja yatsa a kan allo sai hoton ya yi fari fat, na sake ja ya koma baƙi ƙirin. Shin na ɓata shi ne? Kuma ina so in ɗauki hoton allon in tura wa yayata, likita ce a wani gari. Yaya zan saita shi ya fito da kyau? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ba ka ɓata komai ba. Abin da ka canza shi ne yadda wayar ke nuna maka hoton. Ainihin hoton yana nan yadda na'urar ta ɗauke shi. Rufe shi ka sake buɗewa, ko ka danna maɓallin da aka rubuta Reset a kai, zai koma yadda ka same shi.

Hoton CT ya bambanta da hoton biki da kake ɗauka da waya. Na'urar tana auna yadda kowane ɗigo na jiki yake tare hasken X-ray, sai ta ba shi lamba. Ma'aunin yana ɗauke da sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da na'urarsa ta fara ɗaukar hoton kan majiyyaci a Landan a 1971, wanda kuma ya sami kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. A wannan ma'auni ruwa yana kan 0, iska tana kan −1000, kitse yana wajen −100, ƙwaƙwalwa tana tsakanin 20 da 45, ƙashi mai tauri kuwa yakan kai 1000 har ya zarce. Waɗannan lambobi ne ke ajiye a faifanku, a tsarin da asibitocin duniya suka yi ittifaƙi a kai, wanda ake kira DICOM.

Fayil ɗin yana iya ɗaukar matakai 4096, amma allon waya yawanci matakai 256 kawai yake nunawa daga baƙi zuwa fari, idon ɗan Adam ma ba ya iya tantance dukkansu. Tunda ba za su shiga allo a lokaci guda ba, dole a zaɓi yankin da ake son gani. Wannan yanki shi masana ke kira taga, kuma lambobi biyu ne ke riƙe da ita: faɗinta da tsakiyarta. Duba kusurwar allonka, za ka ga harafin W da lamba a gefensa, shi ne faɗin. Sai L ko C da tasa lambar, ita ce tsakiyar. A yawancin manhajoji jan yatsa hagu da dama yana canza faɗin, sama da ƙasa kuma yana canza tsakiyar. Duk abin da lambarsa ta haura tagar zai fito fari, wanda ya gaza ta ya fito baƙi. Lokacin da ka ga fari fat, ka sauke tagar ne ƙasa da lambobin kan Baba gaba ɗaya; da ka ga baƙi, ka ɗaga ta sama da su.

Bari mu ɗan tsaya a kan hoton kai, tunda shi ne a gabanka. Tagar da aka saba duba ƙwaƙwalwa da ita tana da faɗi 80 da tsakiya 40, wato tana nuna daga 0 zuwa 80 kurum. Dalilin ƙuntata ta haka shi ne sabon jinin da ya zuba ya daskare a cikin kai yakan kasance tsakanin 50 da 80, tazararsa da ƙwaƙwalwa ba ta wuce kamar maki 30 ba. A ƙuntatacciyar taga wannan tazara tana bazuwa a kan matakan toka kusan 100, jinin ya fito fari sarai. Idan kuwa aka buɗe tagar ƙashi, mai faɗi 2000 da tsakiya wajen 500, tazarar nan za ta tsuke zuwa matakai huɗu kacal, jini da ƙwaƙwalwa su saje, su zama toka iri ɗaya. To amma a wannan faffaɗar tagar ce tsagewar ƙoƙon kai ke bayyana, alhali a tagar ƙwaƙwalwa ƙashin duka farin dunƙule ne. Akwai ma ta uku a tsakaninsu, mai faɗi wajen 200, don gano siririn jinin da ke kwanciya jikin ƙashi ya ɓuya cikin farinsa. Saboda haka likitan hoto yakan bi kai ɗaya sau da dama, kowane zagaye da tagarsa.

Ba sai ka yi ta lalube da yatsa ba. Manhajoji da yawa suna da saitunan da aka riga aka tanada, an rubuta Brain, Bone, Lung da Abdomen. Na huhu faɗinsa 1500 ne, tsakiya −600. Na ciki faɗi 400, tsakiya wajen 40. Waɗannan lambobi na CT ne kaɗai. Hoton MRI ba shi da tsayayyen ma'auni irin wannan, don haka a can gara ka bar saitin da ya zo da shi.

Ita ma wayar tana da nata gyaran. Kashe hasken da ke daidaita kansa, ka ƙara haske sosai. Kashe matatar da ke canza launin allo, irin Night Shift da True Tone a iPhone ko makamancinsu a sauran wayoyi. Goge allon, ka shiga ɗaki, don a tsakar rana ba za ka ga bambancin toka da toka ba. Kuma kada ɓangarori su ruɗe ka: daman majiyyaci yana fitowa ne a hagun allo, nemi harafin R ka tabbatar.

Batun turawa kuwa, ina roƙonka kada ka tura hoton allo. Da zarar ka ɗauke shi, ka kulle yanka ɗaya, wato hoto guda cikin jerin hotunan kan, a taga ɗaya, sauran lambobin sun tafi. Yayarka ba za ta iya buɗe tagar ƙashi a kansa ba, ba za ta iya matsawa yanka na gaba ba, kuma hoton kai yakan ƙunshi yanka gommai, wani lokaci ɗaruruwa. Ga shi WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto, ƙananan bambance-bambance su ƙara ɓacewa. Wannan ɗabi'a ta tura hoton allo ta yawaita a wurinmu saboda ƙarancin likitocin hoto, kuma tana damuna ƙwarai, domin likita na iya cewa bai ga komai ba alhali ba a nuna masa wurin da abin yake ba. Haɗa jakar fayilolin gaba ɗaya, ka dunƙule ta ta zama zip, ka tura a matsayin takarda, tare da hoton takardar sakamakon. Ka sani kuma sunan Baba da shekarunsa suna rubuce a cikin fayilolin, don haka ita kaɗai za ka tura wa, ban da zauren dangi.

Ko ita yayar taka, in da hali ta buɗe a kwamfuta. A 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da manhajar waya ta farko don karanta irin waɗannan hotuna, mai suna Mobile MIM, amma da sharaɗin sai inda likita ba shi da damar zuwa ga babban allon aiki. Allunan ɗakin karatun hoto ana auna haskensu ana daidaita shi lokaci zuwa lokaci, abin da ba a yi wa wayarka.

Ka duba hoton don ka fahimci bayanin likita, wannan haƙƙinka ne. Sai dai kada wani farin ɗigo ya firgita ka, akwai wurare a cikin ƙwaƙwalwar manya da ke tara sinadarin ƙashi su yi fari ba tare da wata cuta ba. Haka nan kada hoto mai kyau ya sa ku saki jiki. A wurin dattawa jini kan iya taruwa a hankali, sai bayan makonni alamunsa su fito. Idan Baba ya fara amai, ko ciwon kan ya riƙa ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi, ko magana ta rikice, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta yi rauni, ko ya yi jijjiga, ku mayar da shi asibiti nan take, ku tafi da faifan a hannu don a gwada da sabon hoton da za a ɗauka.