Ƙwari Uku Masu Kama Da Sauro

Manoman hayin Kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera har Sabon Tasha, sukan ga waɗansu 'yan ƙwari da damina su ce ai duk sauro ne. Ba sauro ba ne, ba su cizo. Amma biyu daga cikinsu suna iya hana mutum cika rumbu.

Na fari shi ne ƙudan dawa. Ɗan mitsitsi ne, bai kai ƙwayar gero ba. Cikinsa ja ne kamar manja, fikafikansa garau. Ta macen tana da ɗan tsinke a gindi, da shi take saka ƙwai cikin huren dawa. Da hantsi ake ganinta tana yawo a zangarniya sa'ad da dawa ke bununi, kwana ɗaya tak take yi ta mutu. Tsutsarta ita ke shanye ƙwayar tun ba ta yi ido ba, sai ka ga zangarniya ƙaiƙayi zalla. Da yawa sukan ɗora wa ƙarancin ruwa laifi. To, kafin ka yi haka, matsa ƙwaya ɗaya da farce. In wani jan ruwa ya fito, ƙudan ne. Wani masanin ƙwari, K. M. Harris, ya yi bincikensa a Samaru, aka buga a 1961.

Na biyu na shinkafa ne. Ya fi wancan girma, ya kai sauro, ƙafafunsa dogaye, cikin ta macen ja ne. Shi da dare yake fita. Tsutsarsa kan shiga zuciyar shinkafa, sai ganye ya zama farin bututu kamar lawashin albasa, wannan reshe kuwa ba zai fid da kai ba. A 1988 ya yi mummunar ɓarna a Abakaliki. Masu fadama su lura.

Na uku shi ne mai taruwa a fitila kusa da kogi, namijinsa da gashi buzu-buzu a ka, ba shi da tsinken baki irin na sauro. Wannan ba ruwansa da gona, kada ka ɓata kuɗin magani a kansa.

Dawa da shinkafa duka, ku haɗa kai da maƙwabta ku shuka da wuri, lokaci guda, gama wanda ya makara shi ƙwarin ke taruwa a kansa. Bayan girbi a ƙone zangarniyar da ba ta yi ido ba, a tuge gyauron shinkafa.